Tukunyar da Ba Ta Kai Kabarin Bawa Ba

Zuru, Jihar Kebbi.

Zuwa ga autata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na san za ki yi dariya, ki ce Baba yana rubuto mini wasiƙa alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa. Yi dariyarki. Sau uku na kira ki gindin mangwaro da niyyar in yi miki wannan magana, sau uku ina ɓigewa da tambayarki ko kin sayi gidan sauro. Bakin da ya shekara hamsin yana rufe abu ba ya buɗuwa rana ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro. Ki karanta kafin jibi, kafin ki hau motar Minna. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da wurin aiki, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Tun ranar da takarda ta zo cewa an ɗauke ki cikin injiniyoyin da za su auna tsohon layin dogo don a gyara shi, uwarki ba ta bar kowa ya huta ba. Har mai sayar mata da manja ya san ɗiyar Saratu ta zama injiniya. Ni ma na yi murna, Allah ya sani. Amma da kika ce aikinku zai bi tsakanin Zungeru da Minna, kuma za a sa katafila ta share gefen layi hagu da dama, sai na tuna wanda ke kwance a can. Kakanki Bawa, mahaifina, yana kwance a gefen wannan layi. Duk duniya yau ni kaɗai na san wurin, ga shi gwiwoyina sun ƙi, ko coci sai an kai ni a babur.

Bari in fara daga farko. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Zuru ba, ko kukansa ba mu taɓa ji daga kan duwatsunmu ba. Amma da wuya ki shiga gida a ƙasar nan wanda dogo bai ɗauki mutum a cikinsa ba. Kakana, uban Bawa, an ɗebe shi zamanin Turawa ba da sonsa ba, ya je ya yi jidar ƙasa da kwando a ka lokacin da ake shimfiɗa ƙarfen. Bayansa samarinmu suka riƙa gangarawa Zungeru suna hawa jirgi su tafi aikin soja, wasu su dawo da lambar yabo, wasu akwatinsu kaɗai ke dawowa. Ta kan wannan ƙarfe gyaɗa da auduga da shanu suka gangara kudu, goro da gishiri da kwanon rufi suka hauro arewa. In aka kafa tasha a dokar daji, sai mai tuwo ta zo, sai mai shayi, sai kasuwa, sai coci da masallaci, kafin ka ankara gari ya tsaya da ƙafarsa. A makaranta an koya muku cewa dogo ne ya ɗinke ƙasar nan, kuma ba ƙarya aka yi muku ba. Sai dai ba a rubuta sunayen leburori a littafi, saboda haka ni zan ba ki sunan naku.

Bawa ɗan kokawa ne, a zamaninsa babu wanda ya kai bayansa ƙasa daga Manga har Mahuta. Ya yi golmonsa shekara bakwai cif, yana noma gonar surukinsa tare da sa'o'insa kamar yadda al'adarmu ta ce, kafin a ba shi kakarki Tani. Da yunwa ta matsa wata shekara, sai ya bi sawun ubansa ya tafi dogo, shi dai da ƙafarsa ya je. Ya bar Inna, wato kakarki, da mu a ƙauyenmu Manga, yana zuwa sau ɗaya a shekara. Ni kuma da na gama firamare na yi ƙarfi, sai ya nema mini gurbi a cikin ƙungiyar leburorinsu. Mu goma sha biyu ne, muna tura kurar dogo, muna cusa tsakuwa ƙarƙashin ƙarfe, muna ɗaure noti. Shugabanmu wani mutumin kudu ne da muke ce wa Oga Okoro, akwai Ndagi Banufe, akwai Malam Sani Bakatsine, akwai Tibi biyu da Bayarabe ɗaya. Tukunya ɗaya muke ci, Hausa ɗaya muke yi, kowa da irin tasa karkatar harshe.

Kuskurena na farko a nan ya fara. Ni na yi makaranta, na karɓi baftisma, ina da agogo. Ubana kuwa haƙoransa a fere suke irin na mutanen dā, Hausarsa a karye, kuma in ya gan ni daga nesa sai ya ƙwala mini kira da yarenmu C'lela a gaban kowa. Kunya nake ji, Rahila. In baƙo ya tambaye ni garinmu sai in ce Kontagora. Wata rana a dandalin tasha, jirgin fasinja yana tsaye, 'yan makaranta suna leƙe ta taga, ya kira ni da yarenmu, na amsa masa da Turanci. Ya dube ni, ya gyara gudumarsa a kafaɗa, ya wuce. Daga ranar bai ƙara yi mini C'lela a gaban mutane ba, ni kuma don wauta na ɗauka na ci nasara.

Za ki shiga cikin mutanen da suka yi karatu a manyan birane, wani zai tambaye ki garinku, ki ce Zuru, ya ce ina ne nan. Ki faɗa masa a hankali, ki nuna masa a taswira, ai aikinki ne. Kada ki ari garin wani. Na san laifina ne da C'lela ɗinki bai wuce na gaisuwa da neman ruwa ba, domin a barikin reluwe na haife ku kuma ban koya muku ba. Ɗan abin da kike da shi ki riƙe shi, in kin haɗu da tsoho ɗan ƙasarmu yana gadi a ƙofar ofis, ki gaishe shi da shi da ƙarfi, kowa ya ji.

Da damina ta biyu da zuwana, ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin layi kusa da wani kwalbati. Muka kwana uku muna aiki cikin taɓo don jirgi ya samu wucewa. Ranar ta uku da hantsi Bawa ya sa hannu zai ɗaga dutse, kububuwa ta sare shi. Muka ɗora shi a kura muka tura da gudu, amma kafin mu kai tasha jini ya fara fita ta hancinsa, la'asar ba ta yi ba ya cika. Zuru tafiyar kwana biyu ce a lokacin, ga damina, ga babu mota. Oga Okoro ya cire hularsa ya ce, "Bitrus, ba za mu iya kai Baba gida ba. Amma ba za mu bar shi kamar ba shi da kowa ba." Malam Sani da Ndagi suka haƙa kabari, su da ba addininsu ɗaya da shi ba. Tibin nan biyu suka yanko guntun ƙarfen dogo suka kafa a wajen kansa. Ni ɗansa ina tsaye ina kallo, ko cebur ban ɗauka ba.

Ki riƙe wannan. Za ki zo da hular kwano da na'urar awo, za ki tarar da mutane cikin rana da diga da cebur, wasunsu sun haife ki. Ki san sunayensu. In tsohon lebura ya ce miki ruwa yana bi ta nan, ki rufe takardarki ki je ki duba, domin shi da ƙafarsa ya karanta wurin. Irin waɗannan mutane ne suka rufa wa kakanki asiri ranar da danginsa suke nesa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Kin sha ganin tsofaffin kaburbura a kan dutse a Manga, da tukwane a kife a kansu. A wurin mutanenmu tukunyar nan ita ce ke faɗin wanda ke kwance, ko manomi ne, ko maharbi, ko ɗan kokawa. Kabarin da ba shi da ita, kamar na baƙon da ba a san danginsa ba ne. Inna daga gidan magina ta fito. Da na kai mata labarin rasuwar, ba ta yi kururuwa ba. Bayan an share makoki ta tafi bakin rafi ta ɗebo yumɓu, ta zauna ta gina tukunya da hannunta, ta ɗora siffar ɗan kokawa a samanta, hannuwansa a buɗe kamar zai kama abokin karawa. Da ta gasa ta, ta naɗe ta da zanenta na saƙi, ta sa cikin buhu, ta raka ni har tashar mota a Zuru. Ta ce da ni da yarenmu, "Ƙafata ba za ta kai inda yake ba, taka za ta kai. Ka riƙe ta a cinya. Kada ka ba kowa, kada ka ajiye ta a ƙasa, sai a kansa."

Na riƙe ta a cinya har muka wuce Rijau. Ina sanye da sabon kakina na reluwe, ga wasu 'yan mata biyu 'yan makarantar horon malamai a bencin da ke gabana. Sai wani ɗan tireda da ke kusa da ni ya taɓa buhun ya ce, "Kai samari, mi ka ɗauko haka kake rungume da shi awa jariri?" Na ce tukunya ce. Ya leƙa ta bakin buhu, ya ga hannun ɗan kokawa, ya ja da baya ya ce, "A'a! Wagga ai ta kabari ta. Ashe da tsahi muke tahiya cikin mota!" Mota ta kwashe da dariya, har 'yan matan nan suka juyo suna kallona. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ba tawa ba ce, saƙo ne wata tsohuwa ta ba ni. Uwata na kira wata tsohuwa, Rahila.

Da muka sauka Kontagora za mu canja mota, direba ya ce a miƙo kaya sama. Babu wanda ya tilasta ni. Ni da hannuna na miƙa buhun, aka ɗora shi cikin buhunan dawa, aka ja igiya aka ɗaure. Na shiga mota na zauna hannu sake, har ina jin daɗi. A Zungeru da aka sauko mini da shi, tun kafin ya taɓa ƙasa na ji ƙarar tsingaro. Na zaga bayan tasha, na zazzage gutsattsarin a cikin ciyawa, na cusa zanen cikin buhu ban ko kakkaɓe shi ba. Ban je kabarin ba ranar, kunya ba ta bar ni ba.

Da Kirsimeti na koma gida, na mayar wa Inna buhunta da zanenta. Ta tambaye ni, "Ka kai?" Na ce na kai. Ta ce, "Ta zauna daidai?" Na ce ta zauna daram, har abokan aikinsa sun yaba. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce madalla, ta tashi ta ɗora mini ruwan wanka. Shekara goma sha tara ta yi bayan wannan, kuma duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ko tukunyar tana nan, ni kuma in ce tana nan. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, to ni nawa na yi ta haƙa shi ina ƙara masa tsawo har ta rasu.

Kada ki ce ban samu dama ba. Na shekara talatin ina aikin dogo, har na zama mai duba layi, ina da takardar hawa jirgi kyauta. Na wuce wurin nan ta taga ba sau ɗari ba, ina hango guntun ƙarfen cikin ciyawa, ina ce wa raina wata mai zuwa zan sa a gina wata in kawo. Amma gina wata yana nufin in je Manga in buɗe baki in ce ta farko ta fashe. Sai in ce bari Inna ta ɗan ƙara ƙarfi, bari a gama biki, bari in yi ritaya. Jirage suka ragu, suka daina bi, ciyawa ta rufe layi, ni ma na tsufa. Ɗiyata, in kin yi ɓarna a wurin aiki ko a gidan aure, ki faɗa ranar da kika yi ta, tun tana ƙarama. A aikinku ma haka ne, in awo bai fito daidai ba kada ki sa hannu don a rabu lafiya, domin mutane ne za su hau abin da kika sa wa hannu.

Makon da takardarki ta zo na kasa cin abinci, har uwarki ta tsare ni. Na faɗa mata duka. Ta ce, "Shekara arba'in da biyu ina wanke maka riga, ashe ban san wanda ke cikinta ba. Tashi ka sa takalmi, Manga za mu." Kin san uwarki, in ta ce a tashi, ko gwiwa ba ta da ta cewa.

Muka sami gwaggonki Ladi, ɗiyar ƙanwar Inna, wadda ita kaɗai ta rage a danginmu da ke taɓa yumɓu. Bayan gaisuwa na ce ina so ta gina mini tukunyar ɗan kokawa. Ta ce, "Ta wa? Wa ya mutu ban jiya ba?" Na ce ta Baba Bawa. Ta ce, "Bawa ai yana da tashi, ko ba kai ka kai ba?" Na sunkuyar da kai, ni da furfurata, na faɗa mata abin da na faɗa miki yanzu, ban rage ko dariyar cikin mota ba.

Ladi ta saurara har na gama. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan tsohuwar adaka, ta fito da ɗan ƙullin tsumma ta ajiye a tafin hannuna. Na kwance. Hannun ɗan kokawa ne, Rahila, guntu kamar babban yatsana, yatsunsa a buɗe. Ta ce, "Cikin zanen da ka maido ta same shi, tun ranar. Ta hana ni gaya ma kowa. Ta ce yaro na, kunya ta kama shi, kada a ƙara mai wata. Ta ce duk randa ya zo da bakinshi, in ina da rai, in daka wanga in zuba cikin sabon yumɓu." Ashe duk shekarun nan da take tambayata ko tukunyar tana nan, ƙofa take buɗe mini, ni kuma ina rufewa. Na yi kuka a tsakar gidan Ladi irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Inna.

Magina dama haka suke yi, sukan daka tsohon tsingaro su gauraya da sabon yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta. Ladi ta daka hannun nan a gabana, ta zuba, ta kwaɓa. Jiya aka kawo tukunyar. Ita ce cikin kwalin da ke bayan ƙofar ɗakina, wanda kika tambaya uwarki ta ce miki kayan miya ne. Na yi magana da fasto, don kada ranki ya yi nauyi. Ya ce tukunya ba ta ceton kowa, kuma ba ta kai kowa wuta, cika wa uwa alkawari kuwa bai taɓa zama zunubi ba. Ni ma ban ce ki yi wata al'ada a wurin ba, addu'a kawai za ki yi irin wadda kika iya.

Ga kwatance. In kin bar Zungeru kin fuskanci Minna, bayan ƙaramar tasha ta biyu akwai kwalbati mai baki biyu. Ki tsaya a kansa ki dubi hannun dama, za ki ga kuka da wani faffaɗan dutse a gindinta. Daga ƙarfen layi zuwa kabarin taku arba'in ne nawa na saurayi, naki zai ɗan fi haka. In masu jarin bola ba su tuge guntun ƙarfen ba, za ki same shi. In sun tuge, kabarin yana tsakanin dutsen da kukar, kansa wajen dutse. Kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki je sai mutanen wurin sun ce daji ya yi lafiya, domin ban haife ki don in musanya ki da tukunya ba. In kin same shi, ki sa shi a takardar awonku, ki gaya wa shugabanki cewa akwai mutum a nan, mai katafila ya kauce.

Ban ba ki umarni ba, roƙonki nake yi. Kaya ne da ya kamata in sauke tun kafin a haife ki, ga shi na ɗora wa autata. In kin karɓa, abu biyu nake so. Na farko, ki riƙe ta a cinya. Za a ce ki kawo a sa a but ɗin mota, ki ce a'a. In wani ya tambaye ki mene ne, ki ce tukunyar kabarin kakana ce, sunansa Bawa, mutumin Manga ta ƙasar Zuru, ɗan kokawa ne, leburan dogo ne. In za su yi dariya su yi.

Na biyu ya fi na farko nauyi. Hanya ba ta da kyau, yumɓu kuma yumɓu ne. In ta fashe, ki kira ni a waya a ranar, ki ce, "Baba, ta fashe." Ba zan yi faɗa ba, wallahi ba zan yi ba. Ki dai tattaro mini gutsattsarin, Ladi tana da turmi.

Allah ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani, ya ba ki hannu mai gaskiya a aikinki. Ya sa ki ga ranar da jirgi zai sake bi ta wannan layi, ya kuma dawo mana da ke gida lafiya. Uwarki ta ce in ƙara miki da cewa ta sa yaji da daddawa a jakarki ta baya, kada ki ɗora littattafai a kai.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus ɗan Bawa.